Yadda wutar lantarki ke ratsa molekul guda ɗaya

A cikin wayar jan ƙarfe lissafin wutar lantarki ba shi da wuya. Ka ninka tsawon wayar, turjiyar da take yi wa wuta ta ninka. Ka ƙara mata kauri, turjiyar ta ragu. Tun 1827 Georg Ohm na Jamus ya rubuta wannan ƙa'ida, kuma har gobe da ita ake auna wayar da za a ja. Abin da ya sa take aiki shi ne cin karo. Ƙwayoyin ilektiron, waɗanda motsinsu ne muke kira wuta, ba sa tafiya sumul a cikin ƙarfe. Suna karo da ƙwayoyin zarra da zafi ke girgizawa, suna karo da gurɓin da ke jikin ƙarfen, kowane karo kuma yana karkatar da su daga hanya. A jan ƙarfe, a zafin ɗaki, ilektiron kan yi tafiyar kusan nanomita 40 kafin ya ci karo, kuma sai an jera nanomita miliyan ɗaya ake samun milimita guda. Doguwar waya karo da yawa, gajeriya karo kaɗan.

To idan wayar gaba ɗayanta ba ta wuce nanomita ɗaya ba fa? Babu filin cin karo ke nan, ƙa'idar Ohm ta rasa abin da za ta tsaya a kai. Wannan shi ne halin da ake shiga idan aka ɗauki molekul guda, wato 'yan ƙwayoyin zarra da suka ɗauru da juna suka zama mafi ƙanƙantar ɓangare na wani sinadari, aka maƙala shi tsakanin bakin ƙarfe biyu, aka tura masa wuta. Zoben benzin, wanda aka fi gwaji da shi, zarrar kabon shida ce da suka yi da'ira, faɗinsa kuma kusan rabin nanomita.

Arieh Aviram na kamfanin IBM da Mark Ratner, wanda a lokacin yake Jami'ar New York, su ne suka fara fitar da tunanin a fili a 1974. Sun zana molekul mai gefe biyu: gefe ɗaya mai sakin ilektiron cikin sauƙi, ɗaya gefen mai son karɓa, a tsakani kuma ɗan shinge da zai hana su cakuɗewa. Lissafinsu ya nuna irin wannan molekul zai bar wuta ta wuce ta fuska ɗaya ya tare ta ta ɗaya fuskar, aikin da dayod ke yi a kowace na'urar lantarki. A takarda kawai abin ya tsaya, don babu hannun da zai iya kama molekul guda a wancan zamani. Sai a 1981 Gerd Binnig da Heinrich Rohrer suka ƙera na'urar STM a ɗakin binciken IBM da ke kusa da Zurik, na'ura mai tsinin allura da ke iya bin saman ƙarfe zarra bayan zarra. Wannan aiki ya kai su ga kyautar Nobel a 1986.

Amma kafin hannu ya samu, akwai tambayar da ta riga shi: idan babu cin karo, daga ina turjiya za ta fito? Rolf Landauer, shi ma ma'aikacin IBM, ya buɗe hanyar amsar tun 1957. A wurinsa, a irin wannan ƙanƙanta ba yawan karo ake ƙirgawa ba. Abin tambaya shi ne, cikin ilektiron ɗari da suka iso bakin mashigar, nawa suka ƙetare, nawa suka koma inda suka fito. Ilektiron a ilimin kwantum, wato ilimin halayyar ƙwayoyi mafi ƙanƙanta, ba ƙwallo ba ne, yana tafiya ne a matsayin taguwa irin ta ruwa, kuma matsattsiyar mashiga ƙofofi ƙididdigaggu kawai take ba taguwa. Kowace ƙofa tana da iyakar wutar da za ta iya ɗauka ko da a buɗe take wangale. Idan aka yi lissafin, ƙofa guda da ba ta mayar da ilektiron ko ɗaya baya tana da turjiyar kusan om 12,900 (om shi ne ma'aunin turjiya). Babu ruwan wannan adadi da irin ƙarfen da aka yi amfani da shi; daga cajin ilektiron da lambar Planck, wani tsayayyen adadi na ilimin kwantum, kaɗai ya fito. A 1988 ƙungiyoyi biyu, ɗaya a Delft ta Holan ɗaya a Kembirij ta Ingila, suka auna shi a zahiri: suna faɗaɗa mashiga a hankali, wuta na ƙaruwa mataki-mataki, kowane mataki ƙofa guda.

Wannan adadi ne ma'aunin da masu aiki da molekul ke riƙe da shi kullum, kuma an fi ganin amfaninsa a hanyar gwajin da Bingqian Xu da Nongjian Tao na Jami'ar Jihar Arizona suka fito da ita a 2003. Ana samun farantin zinare mai santsi, a ɗiga masa ruwan da aka narkar da molekul a ciki. A sama akwai allurar STM, ita ma ta zinare. Sai a sa ɗan ƙaramin turi, wato ƙarfin da ke tura wuta, tsakanin allura da faranti, kamar kashi ɗaya cikin goma na bolt, a caka allurar cikin farantin har su manne, sannan a fara janye ta sannu a hankali. Zinare ƙarfe ne mai laushi, don haka ba ya tsinkewa farat ɗaya. Yana miƙewa ya yi wuya, wuyan na sirancewa, na'urar aunawa kuma na nuna wuta tana raguwa da tsalle: ƙofa uku, ƙofa biyu, ƙofa ɗaya. Idan ta tsaya a om 12,900, zarrar zinare guda ce rak ta rage tana riƙe da ɓangarorin biyu. Ƙarin ja kaɗan sai ta tsinke. Idan babu komai a gurbin, wuta takan faɗi ta ɓace kusan nan take. Idan kuwa wani molekul ya yi sa'ar kama tsinin sama da hannu ɗaya, tsinin ƙasa da ɗaya hannun, sai wutar ta faɗi ta tsaya a wani ƙaramin mataki can ƙasa, ta daɗe a wurin ɗan lokaci ana ci gaba da ja, kafin shi ma ya kuɓuce. Wannan ɗan matakin shi ne molekul. Ba a yarda da gwaji guda. Ana maimaita cakawa da janyewa sau dubbai, a tara sakamakon, a ga inda ya fi taruwa.

Akwai wata hanyar da ta girmi wannan, wadda aka inganta a Leiden a farkon shekarun 1990: ana manna siririyar waya a kan faifai mai lanƙwasuwa, a tura faifan daga ƙasa har wayar ta tsinke, sannan a daidaita tazarar da ke tsakanin bakunan biyu ta hanyar ƙara turi ko sassautawa. Da irinta Mark Reed na Jami'ar Yale da James Tour da abokan aikinsu suka yi ma'aunin 1997 wanda ake ɗauka a matsayin farkon gwaje-gwajen molekul guda.

Me ya sa molekul ya fi zarrar zinare turjiya nesa ba kusa ba? A ƙarfe, ilektiron na da matakan kuzari jere da juna babu giɓi, sun cika su daga ƙasa har zuwa wani layi da ake kira matakin Fermi, kuma ilektiron da ke daf da wannan layi su ne ke ɗaukar wuta. Molekul ba haka yake ba. Matakansa a warwatse suke, ana iya ƙirga su. Akwai mafi tsayi cikin waɗanda suka cika, masana na ce masa HOMO, akwai mafi ƙasa cikin waɗanda babu kowa, ana ce masa LUMO, tsakaninsu kuma giɓi ne mai faɗi wanda zafin ɗaki bai isa ya tsallakar da ilektiron ba. Idan aka haɗa molekul da zinare, matakin Fermi yakan faɗa cikin wannan giɓi. Ilektiron ya iso ke nan, amma babu matakin da ya yi daidai da kuzarinsa da zai taka.

Da ƙwallo ne da ya koma. Da yake taguwa ce, ba ta yankewa a bakin katanga. Tana shiga ciki tana dusashewa, kuma idan katangar siririya ce, ɗan abin da ya rage yakan ɓulla ta ɗaya gefen. Wannan ratsen katanga shi ne hanyar da wuta ke bi a yawancin gajerun molekul. Dusashewar kuma ba ta lissafin Ohm ba ce, ninki-ba-ninki take tafiya. Xu da Tao sun auna sarƙoƙin kabon miƙaƙƙu masu salfa a kowane ƙarshe. Mai kabon shida ta ba da turjiyar om miliyan 10.5, mai takwas om miliyan 51, mai goma om miliyan 630. Tsawon bai ko ninka ba, turjiyar ta ninka sau 60.

Waɗannan sarƙoƙi ba su da kyau wajen ɗaukar wuta saboda ilektiron ɗinsu a ɗaure suke tsakanin zarra da maƙwabciyarta, giɓinsu kuma mai faɗi ne ƙwarai. A zoben benzin da danginsa akwai ilektiron da ba na zarra guda ba ne, sun bazu a sama da ƙasan zoben duka. Giɓin ya fi ƙanƙanta, HOMO ko LUMO ya fi kusa da matakin Fermi, katangar ta fi gajarta, dusashewar kuma ta fi sauƙi. A 2006 Latha Venkataraman da abokan aikinta a Jami'ar Columbia suka nuna yadda siffa kaɗai ke juya wannan. Sun ɗauki jerin molekul masu zobe biyu a haɗe, aka tilasta wa kowanne wata murɗiya daban tsakanin zobban. Idan zobban na kwance a shimfiɗe guda, wuta ta fi wucewa. Da an murɗa ɗaya sai ta ragu bisa tsari sananne: a murɗiyar digiri 60 kusan rubu'in wutar ne kawai ke wucewa, a kusa da digiri 90 kuwa ɗan kaɗan ne ƙwarai. Zarrorin da ke kan hanyar ba su canja ba, tsawon ma haka. Kwanciyar zobban ce kawai ta sauya.

Abin da ya fi jan hankalina a duk fannin shi ne abin da ke faruwa idan aka canja wurin da ake ɗaura wayoyi a jikin zobe guda. A lambata kusurwoyin benzin daga 1 zuwa 6. Idan wuta ta shiga ta 1 ta fita ta 4, kusurwar da ke fuskantarta, tana wucewa daidai gwargwado. Idan aka matsar da mafitar zuwa 3, hanyar ta fi kusa, hankali zai ce turjiya ta ragu. Sai dai akasin haka ake gani: wutar kan faɗi sau goma ko fiye. Wanda ya taɓa jefa tsakuwa biyu a kududdufi ya ga dalilin da idonsa. Inda tudun taguwa ɗaya ya haɗu da tudun ɗaya, ruwa ya ƙara tashi. Inda tudu ya faɗa kan kwari, ruwan ya kwanta lumui kamar ba a taɓa shi ba. Taguwar ilektiron ba hanya guda take bi a cikin molekul ba, tana ratsawa ta matakai da dama a lokaci ɗaya. A haɗin 1 da 4 gudummawarsu na ƙarfafa juna, a haɗin 1 da 3 suna kashe juna. A wayoyin da muka saba, ƙara hanya ta biyu kullum ƙara wuta yake yi. A nan hanya ta biyu na iya rufe ta farko. Wata ƙungiya a Leiden ta nuna alamar wannan soke juna a fili a 2012, kuma a zafin ɗaki, ba sai an daskarar da komai ba. A 2018 masu bincike daga Columbia da Kofanhagin da Shanghai suka ƙera wani molekul na silikon, wanda bai kai nanomita ɗaya ba, da gangan don taguwar ta soke kanta a cikinsa, har lissafi ya nuna tsakiyarsa ta fi sararin da babu komai a ciki tare ilektiron.

Duk wannan bayani yana sa a ɗauka cewa kowane molekul na da turjiyarsa tabbatacciya, kamar yadda yake da nauyinsa. Ba haka ba ne, kuma a nan matsalar fannin take tun farkonsa. Molekul ɗin da Reed da Tour suka auna a 1997 zoben benzin ne mai salfa biyu, sun samu turjiyar kusan om miliyan 22. A 2004 ƙungiyar Tao ta auna wannan molekul ɗin dai, tsakanin zinare da zinare, ta samu kusan om miliyan 1.2. Wasu ɗakunan binciken sun samu wasu alƙaluman daban. Ba lallai ne wani ya yi kuskure ba. Zarrar salfa na kama zinare da ƙarfi, amma ba ta zaɓen wurin zama: tana iya hawa kan zarrar zinare guda, tana iya zama tsakanin biyu, tana iya faɗawa gurbin da ke tsakanin uku, kuma da ana ja tana iya fisgo zarrar zinare ta sake fasalin tsinin. Kowane zama yana canja yadda matakan molekul ke cuɗanya da na ƙarfe, yana faɗaɗa su, yana matsar da su kusa da matakin Fermi ko nesa da shi. Abin da na'ura ke aunawa, ashe, turjiyar mahaɗar ce gaba ɗaya: zinare, maƙalli, molekul, maƙalli, zinare. A ganina duk wanda ya riƙe wannan ya fahimci mafi yawan rigingimun da aka yi a fannin, haka ma mafi yawan nasarorinsa.

Ɗaya daga cikin nasarorin ta zo ne ta hanyar da ba a zata ba, wato sassauta riƙon. Ƙungiyar Venkataraman ta maye gurbin salfa da maƙallin naitirojin, wanda riƙonsa ya fi rauni amma yana da zaɓe: zarrar zinaren da ta fito fili daga jere kaɗai yake kamawa. Tunda wurin zaman kusan iri ɗaya ne kowane lokaci, sakamakon ya taru wuri guda, har aka iya ganin bambanci mai laushi irin na murɗiyar zobba. Ta ɗaya ɓangaren kuma, idan cuɗanyar ta yi ƙarfi matuƙa, molekul kan buɗe ƙofa kusan gaba ɗaya. A 2002 ƙungiyar Jan van Ruitenbeek a Leiden ta kama molekul ɗin haidurojin, zarra biyu kacal, tsakanin bakin filatinam biyu, ta samu turjiyar da ta yi kusa da om 12,900, iyakar abin da ƙofa guda za ta iya.

Masu lissafi da kwamfuta ma sun sha wuya a wannan gaɓar. Hanyar da aka fi amfani da ita wajen lissafa matakan ilektiron tana da halin rage faɗin giɓi, sai ta ajiye HOMO kusa da matakin Fermi fiye da inda yake. Ga benzin mai maƙallin naitirojin, wanda aka auna turjiyarsa kusan om miliyan 2, lissafin ya ba da wutar da ta ninka ta gaskiya kusan sau bakwai. Sai da aka gyara matsayin matakan, aka kuma sa lissafin yadda ƙarfen da ke kusa ke janyo su, sannan takarda da na'ura suka daidaita.

Idan riƙon ya yi rauni sosai, labarin ya sake canjawa. Ilektiron ba ya ratsawa a tafiya guda. Yana sauka a kan molekul ya zauna ɗan lokaci kafin ya wuce. Wurin kuwa ƙanƙane ne, kuma caji iri ɗaya na ture juna, don haka muddin na farko na ciki na biyu ba zai shiga ba sai an biya kuzari mai yawa. Wuta kan tsaya cik har sai turi ya kai wani mizani, ko kuma a sa waya ta uku a kusa wadda za ta ɗaga matakan molekul ko ta sauke su. Wannan shi ne tiranzisto, wato makunnin da lantarki ke kunnawa da kashewa, mai wucewar ilektiron ɗaya-ɗaya. A 2000 Hongkun Park da Paul McEuen da Paul Alivisatos da abokan aikinsu a Berkeley suka yi irinsa da ƙwallon kabon mai zarra 60. Sun ga wani abu a ma'aunin da ya nuna ƙwallon ba a zaune yake shiru ba: shigar ilektiron da fitarsa na sa shi dundurawa a kan zinaren, kusan sau tiriliyan 1.2 a sakan guda. A cikin na'urar silikon, irin wadda ke cikin kwamfutocin yau, ba a damuwa da cewa jikin na'urar zai motsa saboda ilektiron guda ya wuce. A molekul dole a damu.

Tsawo ma na kawo irin wannan sauyi. Ratsen katanga na mutuwa da sauri, don haka a dogon molekul ilektiron kan koma tsalle daga sashe zuwa sashe, yana jiran girgizar zafi ta ba shi damar kowane tsalle, irin tsarin da Rudolph Marcus ya yi wa lissafi har ya samu Nobel a 1992. Ana bambance hanyoyin biyu da ma'aunin zafi: ratse bai cika damuwa da sanyi ba, tsalle kuwa na raguwa idan aka sanyaya. Ƙungiyar Daniel Frisbie a Minnesota ta gina wayoyin molekul masu ƙaruwar tsawo a 2008, ta ga sauyin ya auku a wajen nanomita 4. Daga nan zuwa sama turjiya na ƙaruwa daidai da tsawo, kamar dai ƙa'idar Ohm ta fara dawowa.

Mai shakka na da damar tambaya: ta yaya aka san molekul ne a gurbin, ba datti ko wata zarrar ƙarfe da ta ɓace ba? Shaidar da ta fi gamsarwa daga rawar molekul ɗin take fitowa. Kowace ɗaura tsakanin zarra biyu na karkarwa a wani kuzari nata na musamman, kuma da zarar turi ya kai wannan kuzari, ilektiron na iya ba da shi ya girgiza ɗaurar, sai a ga ɗan canji a wuta. A 1998 Wilson Ho da ɗalibansa a Cornell suka ɗora allurar STM a kan molekul ɗin asetilin guda da ke zaune a kan jan ƙarfe, suka ga canjin a milibolt 358, daidai rawar ɗaurar kabon da haidurojin. Da suka sauya haidurojin da ɗan'uwansa mai nauyi, alamar ta sauko zuwa milibolt 266, kamar yadda ya kamata idan zarra mai nauyi ce ke rawar. Akwai kuma dabarar gane ko ta HOMO wuta ke bi ko ta LUMO: a ɗumama gefe ɗaya a bar ɗayan, a duba fuskar ɗan turin da zai taso. A 2007 Pramod Reddy da abokan aikinsa a Berkeley suka yi wa benzin mai salfa haka, suka samu mikrobolt 8.7 kan kowane digiri na bambancin zafi, fuskarsa kuma ta nuna HOMO ne ya fi kusa.

Irin wannan tsantseni bai zo a banza ba. A 2001 Jan Hendrik Schön na ɗakin binciken Bell ya wallafa cewa ya ƙera tiranzisto na molekul masu aikin da ya zarce duk abin da wasu suka samu. Babu wanda ya iya maimaitawa, sannan aka lura zane iri ɗaya, har da ƙananan karkace-karkacensa, ya fito a rahotannin gwaje-gwaje daban-daban. A Satumban 2002 kwamitin da Malcolm Beasley ya jagoranta ya tabbatar da ƙirƙirar sakamako, aka sallame shi. Abin ya yi wa fannin illa a daidai lokacin da ake ta alƙawarin cewa molekul na gab da ture silikon.

Alƙawarin bai cika ba, kuma dalilan a fili suke. Bolt ɗaya a kan nanomita ɗaya daidai yake da bolt biliyan ɗaya a kan mita, alhali iska kan fashe da tartsatsi a kusan miliyan uku. Ta cikin mahaɗa mai turjiyar om miliyan 1.2, turin kashi ɗaya cikin goma na bolt na wucar da ilektiron kusan biliyan 500 a kowane sakan. Sa'ar da aka yi ita ce yawancinsu ba a jikin molekul suke zubar da kuzarinsu ba, sai sun shiga ƙarfen. Amma zarrorin zinare kansu na yawo a zafin ɗaki, mahaɗar ba ta daɗewa a siffa guda. Na'urar kwamfuta ta yau na ɗauke da tiranzisto biliyoyi da dole su yi aiki iri ɗaya na shekaru. A gwajin molekul kuwa, mahaɗa biyu a jere ba sa ba da adadi ɗaya. Ban ga dalilin ɗaukar wannan a matsayin gazawar fannin ba. Abin da bai dace ba tun farko shi ne auna shi da ma'aunin silikon, alhali abin da yake bayarwa, kamar soke taguwa da siffar molekul ko kunna wuta da murɗiya, silikon ba shi da irinsa.

Dayod ɗin Aviram da Ratner ma ya samu, sai dai ba ta hanyar da suka zana kaɗai ba. Molekul masu gefe biyu da aka gwada sun daɗe suna ba da bambanci ɗan kaɗan tsakanin fuskokin biyu. A 2015 ƙungiyar Venkataraman ta samu bambancin da ya haura sau 200 a turin da bai kai rabin bolt ba, da molekul wanda gefensa biyu iri ɗaya ne sak. Rashin daidaiton daga waje suka kawo shi: suka nutsa mahaɗar cikin ruwa mai ɗauke da caji, suka rufe jikin allurar sai ɗan tsininta, farantin kuma suka bar shi a buɗe, sai cajin ruwan ya taru a gefe ɗaya fiye da ɗayan, yana matsar da matakin molekul duk lokacin da aka juya fuskar turi. A 2017 ƙungiyar Christian Nijhuis a Singafo ta haura sau dubu ɗari, amma da shimfiɗar molekul masu yawa, ba guda ba.

Haka zancen makunni. Akwai wani rukunin molekul da hasken ultrabayolet ke rufe masa zobe ya zama mai ɗaukar wuta, hasken da ido ke gani kuma ya buɗe zoben ya katse ta. A cikin ruwa yana kaiwa da komowa ba matsala. Da masu bincike a Groningen suka ɗaura shi a kan zinare a 2003, sai ya buɗe ya ƙi rufuwa, domin ƙarfen na tsotse kuzarin da haske ya ba shi kafin zoben ya samu damar haɗuwa. Shekara goma sha uku bayan haka, a 2016, ƙungiyar Xuefeng Guo a Jami'ar Peking ta warware matsalar ba tare da ta taɓa zuciyar molekul ɗin ba. Sun bar zinare suka koma girafin, shimfiɗar kabon mai kaurin zarra guda wadda zarrorinta ba sa yawo, suka ɗaura molekul ɗin da ɗaura mai ƙarfi a bakinta. Sannan suka saka ƙaramar sarƙar kabon uku a kowane gefe, irin sarƙar nan mai tare wuta, don ta ɗan nisanta shi daga girafin ɗin: nesa yadda ba za a tsotse masa kuzari ba, kusa yadda ilektiron zai iya ratsawa. Makunnin ya kunna ya kashe da bambancin kusan sau ɗari, ya kuma ci gaba da aiki fiye da shekara guda.